Shurin Kwaɗo a Kan Tabarma

Tun ranar Talata tuwo bai wuce mini maƙogwaro da daɗi ba. Ranar ce aka shigo mini da jikata Binta a saɓe, 'yar shekara tara, ruwa na zuba ta hancinta. Wanki ta je bakin ramin da masu aikin titi suka haƙa a bayan garinmu Toranke, suka tafi suka bar shi, damina ta cika shi. Santsi ya kwashe ta. Ba don wani Bafulatani mai shayar da shanu ya miƙa mata sanda ba, da yanzu zaman makoki muke. Na tambaye shi me ya ga tana yi a cikin ruwan. Ya ce, "Dukansa take da hannu, Inna."

Ni a Gafasa na girma, a hannun kakata Iya. Da damina, in an gama cin tuwon magariba, mukan taru a ɗakin girki tana gasa mana masara a bakin murhu, kwaɗi na ta kuka a kududdufi. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo ta zauna."

Wai wata shekara ruwa ya ci gari, Kaza da Akuya da Kwaɗo suka maƙale a kan suri. Kaza ta faɗa ruwa tana dukansa da fiffike, ya haɗiye ta. Akuya ta dubi Kwaɗo, ta ga ya naɗe ƙafafunsa na baya gida uku ya yi tsugunno, ta ce, "Raggo, zaman me kake yi?" Ita ma ta faɗa tana sara da ƙafar gaba, ta bi Kaza. Kwaɗo ya ɗaga ƙirji da 'yan hannayensa, ya daidaita hanya, ya saki cinyoyin nan lokaci guda, sai ga shi can tsakiyar ruwa. Ya naɗe, ya shura, ya miƙe samɓal ya bar ruwa ya kai shi. Haka har tudu.

A nan Iya takan ajiye masara. "Kun san sandan tarko da ake tanƙwarawa? Haka cinyar kwaɗo take. Tsugunnon nan ba lalaci ba ne, ƙarfi yake tarawa a jijiya." Ta ware yatsunta a hasken wuta. "In zai shura, ya buɗe tantanin ƙafa ya kamo ruwa da yawa. In zai dawo da ƙafar, ya tsuke yatsu, kada ya ja kansa baya. Ruwa ba a dukansa, 'yan nan. Tura shi ake yi."

Daga nan sai ta ce mu kwanta rub da ciki a tabarma, mu 'yan mata huɗu, mu ɗaure zani tamau. "Naɗe! Shura! Ke Hajara, wa ya ce ki sake shurawa? Huta tukuna, uwar gaggawa!" Hajara ni ce. Mu yi ta dariya har da hawaye, ita ko murmushi ba ta yi. Da hantsi ta kai mu inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ta tallabe mana haɓa.

Bara na shimfiɗa wa Binta tabarma, na fara mata. Ubanta, ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya shigo ya tarar da mu. Ya ce, "Haba Inna! 'Ya mace tana shure-shure a tsakar gida kamar kwaɗo? In wani ya yi sallama fa? Wannan ai tatsuniya ce." Na naɗe tabarmata. Abin da ke cina ke nan. Ina fushi da masu ramin, ina fushi da shi, amma wadda ta naɗe tabarmar nan ita na fi jin haushi. Na haifi mutum da cikina, na ji kunyarsa, na yi shiru, saura ƙiris shirun ya ci rai.

Jiya da la'asar na sake shimfiɗa ta, a tsakiyar gida, ba a lungu ba. Na kira Binta da ƙannenta da 'ya'yan maƙwabta. Uban Binta ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa, ya buɗe baki. Na riga shi.

Na ce, "Kai wannan, tsaya nan. Kana wata bakwai na goyo ka daga kasuwar Gaya, rafi ya kawo muna tsakiya, ya ɗauke mini ƙafa. Kwaryata ta tafi, takalmina ya tafi. Kana bayana kana tsala ihu. Na naɗe, na shura, na huta. Na naɗe, na shura, na huta, har na kama saiwar gawo. Shure-shuren da kake jin kunya, shi ya kawo ka har ka yi gemu."

Ya sauke fartanya. Ya ce, "Ba ki taɓa gaya mini ba, Inna."

Na ce, "Ɗan fari ake zama a yi wa hira? Yau na gaya maka. Kai ka iya ruwa?"

Ya dubi ƙasa.

Sai yanzu na gane abin da ya hana Iya dariya. Mu muna jin labarin Kaza da Akuya, ita ƙirga mu take, tana so damina ta wuce mu huɗu cif. Na matsar da yara gefe, na karkaɗe masa ƙarshen tabarma.

Na ce, "Kwanta. Binta, nuna wa babanki yadda ake naɗewa."