Ɗakin da Ya Fi Motarsa Nauyi

Eleuterio Millapán mijin ƙanwata ne, kuma shi ya karya mini hancin nan da ya karkace hagu. Na faɗa tun farko ne don kada wani ya zaci yabonsa na zo yi.

Tun yana saurayi horar da dawaki yake yi a gonakin tumakin da ke yamma da garinmu, Paso de Indios. Dokin da ya ƙi sirdi, ɗaure shi yake a turke ya yi ta zabga masa bulala har kumfa da jini su gauraye a bakinsa. Mutane ma ba su tsira ba. Ya taɓa gutsure kunnen wani mai askin tumaki a wurin cin gasasshen rago, don kawai ya ce wuƙarsa dakusasshiya ce. Da wata goɗiya ta taka masa ƙugu hawa ya gagara, sai ya koma kafa shingen waya. Aikin na yawo ne, wata uku a wannan gona, wata biyu a waccan, don haka ya ƙera ɗaki mai taya da hannunsa, ƙarfe da katako, har da murhun ƙarfe mai bututu. A cikinsa ƙanwata Herminia ta yi zaman aure shekara goma sha tara. Ita kaɗai ce ban taɓa jin ya ɗaga wa hannu ba, da ya yi kuwa da tuni ɗayanmu yana kabari.

Ni bakanike ne. A garejina tsohuwar akori-kurar da ke jan ɗakin ta cika, ya zama dole a nemi wata. Wagon yake so, mai ƙofar baya, don karnuka da kayan aiki. Biyu aka samu. Ɗaya toka-toka ce ta wata gwauruwa, tsohuwa, mai faɗin ƙirji, tafiya kamar jakin da aka ɗora wa buhu. Ɗayar ja ce, 'yar firit, wani ɗan kasuwa ya kawo daga birnin Trelew.

Eleuterio ya zaɓi mota yadda ya saba zaɓen doki. Ya zagaye jar sau uku, ya shuri tayoyinta, ya sa aka taka mata wuta yana sauraron haniniyar injin, ya ce wannan tana da jini a jiki. Na ce masa jan kaya ba tsere ba ne, dole mota ta fi abin da take ja nauyi, in ba haka ba na bayan ne zai riƙa ba da umarni. Da ƙyar na lallabe shi muka je sikelin rumbun ulu, inda tsoho Nicanor yake auna manyan motoci. Ɗakin, da Herminia a ciki tana kwaɓa fulawa, kilo dubu ɗaya da ɗari huɗu. Toka-tokar dubu ɗaya da ɗari shida. Jar ko dubu da ɗari ba ta kai ba.

Ya ce ingarmun da ya durƙusar sun ninka shi nauyi sau bakwai. Na roƙi Herminia ko ita ta riƙa zama a gaba. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, wa zai riƙe tukwane? Kuma in ba a hanya na kwaɓa ba, yaushe gurasa za ta soyu?" Haka ta saba tun tana amarya.

Raina ya ɓaci, na juya gare shi a gaban masu lodi na ce, "Suruki, doki yana jin bulala, iska ba ta ji. Kai ɗin ma ai goɗiya ce ta sauke ka."

Ban ga tahowar mariƙin bulalar ba. Na dai ji ƙas a tsakiyar fuskata, na tsinci kaina zaune a tsakuwa jini yana cika mini baki. Ya biya kuɗin jar a ranar.

Bayan kwana takwas suka kama hanyar wata gona. Iskar yamma ta taso tun hantsi, irin wadda ke fizge ƙofar mota daga hannun mutum. Kowa a nan ya san maganin iska nauyi ne, har rufin kaji da duwatsu muke danne shi. Sai Eleuterio ya jibga naɗin waya shida a can wutsiyar ɗakin don ya danne shi, bai san ya ɗage hancin ɗakin daga ƙugiyar da ke haɗa shi da mota ba. Hankalina ya ƙi kwanciya, na bi su a baya da motar gareji, hancina a ɗaure.

A gangaren farko iska ta mari ɗakin ta gefe. Wutsiyar ta karkata dama, ta dawo hagu, ta sake komawa fiye da na farko. Mai hankali zai sassauta ƙafa ya riƙe sitiyari cak. Shi kuwa ya fizge shi kamar linzami, ya ƙara wuta. Ina kallo ɗakin ya ɗaga gindin jar sama ya yi jifa da ita gefen hanya, ƙugiyar ta tsinke, ɗakin kuma ya wuntsila sau biyu ya kwanta a kan haƙarƙarinsa.

Murhun ya ɓalle daga kusoshinsa. A ƙarƙashinsa na samu Herminia, ƙirjinta ya lotsa, kwaɓin fulawa yana nan a yatsunta. Rai ya riga ya yi halinsa.

Da na fito, Eleuterio yana dukan jar da gudumar kafa turaku. Ya farfasa gilasai, ya rusa fitilu, hannuwansa duk jini, yana zaginta yadda yake zagin doki. Na ɗauko babbar sifana na sauke masa a muƙamuƙi. Na ƙara, na kuma ƙara, haƙora biyu suka faɗi ƙasa. Niyyata in kashe shi, ba na ɓoyewa. Abin da ya tsayar da ni shi ne bai kare ba, bai rama ba. Ya saki gudumar ya tsaya yana jiran ta huɗu.

Ɗakin kuwa taga ɗaya ce kawai ta fashe. Ya iya ƙira, wannan ba zan hana shi ba.

Wata biyu bayan jana'iza ya sayi toka-tokar, ya mayar da murhun mazauninsa, ya ja ɗakin zuwa sikeli ba wanda ya sa shi. Na je, don ni na gyara ƙugiyar. Nicanor ya leƙa allura ya faɗa da ƙarfi yadda ya saba, dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in, sannan ya cire hularsa.

Eleuterio ya tambaya ta cikin wayar da likita ya ɗaure masa baki da ita, wancan karon da Herminia ke ciki nawa ne. Duk mun san dubu ɗaya da ɗari huɗu ne. Ya daɗe yana duban ƙofar ɗakin.

"Kilo sittin ke nan," ya ce. "Kullum sai ta ce mini ita hamsin da biyar ce."