Zuwera da faifan da ba ya goguwa

Ranar Alhamis, 8 ga watan Mayu, 2025, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Hajiya Zuwera Abdu a gidanta da ke Gamkalle, nan Yamai, bayan jinyar wata biyar. Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, mai gaskiyarmu da maƙaryacinmu.

Zuwera, shekara goma sha tara muka yi a biro guda, wato ofis ɗaya, a unguwar Filato, ni shugaban sashe, ke mai buga takardu. Ba zan ambaci sunan ma'aikatar ba, don bai cancanci zama a takarda ɗaya da naki ba. Aikinmu riƙe rajistar garake da gonakin bakin kogi: wa ke da wace garka, daga wace rijiya zuwa wace bishiya. Ni aka tura Dakar karatu, na dawo da takardun shaida da Faransanci mai santsi. Ke daga kwaleji kika tsaya. Yau kowa ya san wanda karatunsa ya amfani jama'a a cikinmu.

Da aka kawo mana ordinater, wato kwamfuta, duk ranar Juma'a kafin a tashi sai ki zuba aikin mako a faifan sede, wato CD, guda biyu, ɗaya a ajiye a kabad ɗin biro, ɗaya ya shiga jakarki, kowane da kwanan wata da kika rubuta da baƙin alƙalami. Faifan iri biyu ne. Akwai wanda ake gogewa a sake rubutu a kansa, akwai wanda in an zuba masa abu ya zauna ke nan har abada. Na biyun kaɗai kike karɓa. Muka yi ta miki dariya, mu masu ilimi. Wata rana na ce miki, "To in kin yi kuskure fa?" Kika ce, "Shef, sai in gyara a ordinater, in zuba a sabon faifai. Tsohon yana nan, kowa ya ga abin da na canza da ranar da na canza shi." Na ce kin cika taurin kai. Kika miƙo mini kwanon dambu da kopto, ganyen zogale, kika ce in ci, yunwa ce ke sa ni surutu.

Tsofaffin matan da ke zuwa biro ba su jin Faransanci, su yini a kan benci ba mai kallonsu. Ke kike kiran su, ki karanta musu takardarsu da Zabarmanci ko da Hausa, ki raka su har bakin titi. Mu muna ciki da fanka, muna gardamar makomar ƙasa.

A shekarar 2006 aka yi maganar Kadi. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar da garka guda a Gamkalle, ta salati da albasa, ita ce cinsu da shansu. Daraktanmu na lokacin, Nassirou, ya so garkar don surukinsa. Ya aiko aka ɗauko masa faifan kabad, ya rufe ƙofa, ya buɗe rajistar, ya cire sunan mijin Kadi ya sa na surukinsa, ya danna a adana. Ordinater ta rubuto masa cewa wannan faifai ba ya karɓar gyara, ta tambaye shi ko ta ajiye gyaran a wani wuri. Mutumin da ya yi shekara shida a jami'a bai tsaya ya karanta layi biyu ba. Ya danna ya wuce. Gyaran ya faɗa cikin injinsa, faifan bai ko san an yi ba. Ya buga takarda, ya danna mata hatimi, ya mayar da faifai kabad yana murmushi.

Surukin ya ɗauki takardar ya kai Kadi ƙara. A gaban alƙali, Nassirou da bakinsa ya ce, "A kawo faifan biro. Mutum kan yi ƙarya, na'ura ba ta yi." Aka kira ki. Kika saka faifan, kika buɗe, ga sunan mijin Kadi zaune inda kika ajiye shi. Alƙali ya ce ko kina da abin faɗa. Kika ce, "Ranka ya daɗe, ni mai buga takarda ce kawai. Amma akwai na biyu a jakata in ana so." Kadi ta riƙe garkarta.

Darakta bai rasa ko da kujerarsa ba. Bayan mako biyu ke aka mayar ɗakin ajiya, inda ba ordinater, ba taga, sai karyayyun kujeru. Shekara goma sha ɗaya kika yi can har kika ajiye aiki. Takardar canjin wurin, ni na sa mata hannu. An kawo mini ita, na karanta, na san abin da take nufi, na sa hannu da kyakkyawan rubutun nan nawa na Dakar. Washegari kika gaishe ni kamar kullum, kika tambayi jikin matata. Da zagina kika yi, da ya fi mini sauƙi.

Da biro ya koma sabon gini, aka kwashe faya-fayan kabad aka zubar, wai zamaninsu ya wuce. Bara na je Saga, na gan su rataye da zare a gonakin shinkafa, suna walƙiya a rana don korar tsuntsaye. Na kama ɗaya, ga rubutunki a kai. Ban ji haushin manoman ba. Sun fi ma'aikatar sanin cewa abin tsaro ne.

A zaman makokinki, ranar uku, sai ga Alhaji Nassirou cikin babbar riga, turare na tashi. Ya ce fonda tilas, gaisuwar ta'aziyya ta Zabarmawa, ya ce ƙasa ta yi rashin ma'aikaciya ta gari. Waɗanda suka yi shekara goma sha ɗaya ba su leƙa ɗakin ajiya ba suka yi ta gyaɗa kai. Da aka shafa fatiha ya kira 'yarki Zeinabou gefe, ya ce, "'Yata, akwai wasu tsofaffin faya-fayai wurin marigayiya. Kayan gwamnati ne. In turo direba ya ɗauka?" Zeinabou ta ce, "Baba, ko tabarmar makoki ba a naɗe ba."

Ga abin da ya kawo shi. Kadi ta rasu bara, surukin nan ya tono takardar mai hatimi ya sake kai ƙara, yana neman ya kori 'ya'yanta daga garkar. Faifan kabad yana Saga yana korar tsuntsaye. Na jakarki kaɗai ya rage.

Alhaji, kada ka wahalar da direbanka. Kwana tara kafin rasuwarta na je duba ta, ta sa aka ciro faifan daga ƙasan akwati, naɗe cikin ɗankwali, ta ce, "Shef, wannan karon kai za ka kai." Ranar Litinin na kai shi kotu. Sai da aka zagaya biro huɗu kafin a sami tsohon injin da ke karanta irinsa. Ya buɗe. Sunan yana nan. Na ba da shaida a kan abin da na sani tun 2006, har da nawa laifin, na sa hannu a ƙasa. Na makara da shekara goma sha tara, Zuwera, amma na kai.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata kabarinki ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zeinabou da ƙannenta, da dangi na Yamai da na Maraɗi, da 'ya'yan Kadi waɗanda su ma uwa suka rasa. Allah ya ba ku haƙuri. Mu da muka rage, Allah ya sa mu ji kunya tun muna da sauran numfashi. Amin.

Yakuba Mahaman
Yamai