Tiyon da ya kumbura a hannun Alhaji

Har yau ban manta da wata Talata ba, jajibirin kasuwar shanu, da Bukar direba ya shigo garejinmu na hanyar Yindiski da tsohuwar motar Alhaji Sani. Babbar motar ɗaukar kaya ce mai birkin mai, ta girmi wasu daga cikinku, ku yaran gareji. Lokacin ni ne babban bakanike a wurin. Bukar bai ko gama gaisuwa ba ya ce, "Malam Idi, birkin nan ba ya kamawa. In na taka, kamar katifa na taka."

Sai ga Alhaji Sani ya sauko daga keke napep, ransa a ɓace. Washegari za a loda shanu zuwa kudu, Bukar kuwa ya rantse ba zai yi tafiyar da wannan birkin ba. Alhaji ya ce, "Malam Idi, an canza takalmin birki, an canza masta. Me ya rage? Tafiyar ce ba ya so. In ba zai tuƙa ba, ya ba ni makullina, direbobi sun cika Potiskum."

Bukar ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, da in kashe mutane a gangare, gara in zauna gida."

Na ce su ba ni lokaci. Aikin birki yana da tsari, ba a tsallake. Na fara da man birki, na tarar da shi cike, babu alamar yoyo a ƙarƙashi. Muka cire tayoyi na duba takalman da ke kama ƙafa, sababbi ne, an saita su daidai. Na gwada masta, wato famfon da ke tura mai idan an taka, shi ma lafiya. Muka fitar da iska daga layi, ƙafa bayan ƙafa, don iska kan sa birki ya yi laushi. Duk da haka da na taka, sai ya nutse.

Alhaji ya ce, "To ka gani? Komai lafiya."

Na ce, "A'a Alhaji. Ƙarfin nan yana fita daga masta, amma ba ya isa ƙafa. Akwai inda yake tsayawa a hanya."

Na tambayi Bukar yaushe abin ya fi tsanani. Ya ce in mota ta yi zafi, kuma da lodi. Nan zuciyata ta tafi kan tiyo, robar da ke haɗa bututun ƙarfe da ƙafa. Na kwanta a ƙarƙashi, na ce ya taka iya ƙarfinsa, ina riƙe su ɗaya bayan ɗaya. Da na kai na baya, sai na ji ya cika mini tafin hannu kamar wuyan kwaɗo. A ido ba shi da tsaga, amma zaren cikinsa ya mutu. Man da ya kamata ya matse birki, tiyon yake hurawa.

Ban tsaya dogon bayani ba. Na shimfiɗa buhu na ce, "Alhaji, taimaka ka kawo hannunka." Ya naɗe babbar riga ya durƙusa, na ɗora hannunsa a kan tiyon, Bukar ya taka. Alhaji ya fizge hannu kamar ya taɓa wuta. Ya ce, "Da shanu a baya, da wannan za ka sauka gangaren Jos?" Ya dubi Bukar ya ce, "Ka yafe mini, na zalunce ka."

Na canza tiyon gaba ɗayansu, don sa'annin juna ne. Muka sake fitar da iska, muka ɗora buhunan yashi muka fita gwaji. Bukar ya taka sau ɗaya, mota ta tsaya cak, har goshina ya kusa bugar gilashi. Washegari shi ya tafi da shanun.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan. Sabon kaya ba shi ne gyara ba, ku bi layi daga ƙafar direba har taya. In kuma direba ya ce muku birki ba daidai yake ba, ku yarda da shi har sai kun gano dalili. Mu a gareji muke gwadawa, shi kuwa ransa ne a kai.