Saniyar Hamma da Gansakukar Bayan Gareji

Hamma bai taɓa zama mai garke ba, kada wani ya ƙara masa gishiri. Bafulatanin zaune ne a gefen Birnin Tudu, yana noma 'yar gonarsa, yana kiwon 'yan shanun da yaro ma zai iya korawa. A cikinsu akwai wata fara mai karyayyen ƙaho, Kyauta, jikar saniyar da ubansa ya ba shi ranar suna. Mutum ne marar yawan magana, amma in ka taɓo zancen Kyauta, to ka nemi wurin zama.

Da aikin dam ɗin Bakolori ya iso, manyan motoci suka bi gonaki suka baje su kamar faifai, wai za a jawo ruwan noman rani. Itatuwa suka tafi, burtali ya tafi. Aka ce kada kowa ya yi shuka sai an gama. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. To, inda ba a yi shuka ba, ina kara, ina harawa? Shanun Hamma suka kama hanyar kasuwar Talata Mafara ɗaya bayan ɗaya, har ya rage sai Kyauta, ga ciki, ga haƙarƙari a waje. Ya rantse wa matarsa Taibatu cewa wannan kam ba za ta ga kasuwa ba.

Akwai wani gareji da ake gyaran motocin aikin. A bayansa ake wanke injuna, a tuttular da ruwan batir da baƙin mai, duk su gangara cikin wani dogon kwari. Wa zai tsaya tunanin inda suke zuwa? Ba gonar uban masu garejin ba ce. Ruwan yana shiga kwarin jawur, da warin ƙarfe mai hawa kai. Amma gansakuka ta cika kwarin maƙil, kore shar, kuma Hamma ya lura cewa a can ƙarshe ruwan yana fita garau, har kwaɗi na wasa a ciki. Ya ɗanɗana, ya ji lafiya lau. Ya shayar da Kyauta, ba abin da ya same ta. Kafin ka ce me, matan unguwa sun fara zuwa da tuluna.

A nan ne wayonsa ya cuce shi. Ya ce a ransa, abin da ya warkar da ruwa mai cuta, ai magani ne. Kuma ga shi ɗanye, a ƙasar da ko tsinken ciyawa babu. Ya riƙa kwaso gansakukar a kwando, ya shanya, ya cakuɗa da dusa da 'yar kanwa. Kyauta ta sunsuna ta kau da kai. Ya lallashe ta, yana shafa wuyanta, yana kiran sunan kakarta, har ta ci daga tafin hannunsa. Taibatu ta ce ita dai hankalinta bai kwanta da abin ba. Ya ce mata ta ji da tukunyarta.

Wajen tsakiyar rani Kyauta ta fara cizon haƙora. Yawu ya riƙa dalala. Sai ta koma zagaya turke, tana karo da danga, idanu a buɗe amma ba ta gani. Ta je ta dafa goshi a jikin rumbu ta tsaya, ko Hamma ya kira ta ba ta waiwayowa. Ya yi jiƙo, ya yi turare, ya karɓo rubutu. A ƙarshe ya taka har Bakura ya zo da malamin dabbobi. Malamin ya duba, ya tambayi abin da take ci, ya ce dalma ce, irin ta cikin batir, kuma an makara. Ya ƙara da cewa ko an yanka, kada a ba kowa naman.

Hamma ya ce ba zai yiwu ba, shi da bakinsa ya sha ruwan nan. Taibatu tana tsaye da rariya a hannu, ko ɗaga murya ba ta yi ba.

"Malam, in na tace gasara, ina dusar ka tahiya? Ai cikin rariya taka tsayawa. Kai ka kwaso rariyar ka ba ta."

Kyauta ta mutu da ɗan cikinta, shi da kansa ya haƙa rami ya binne ta, ko fatar bai cire ba. Wallahi abin da ciwo. Waɗanda suka zuba dafin ba su ma san an yi wata saniya ba.

Tun daga nan Hamma ya zama mai gadin kwari, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya gode masa. Kullum yana bakin ruwan da sandarsa, yana korar awakin mutane kada su kai baki. Aka fara cewa ya taɓu. Wasu suna yi masa ba'a, suna tambayar lafiyar garkensa na kore.

Wata rana aka turo leburori da manjagara su kwashe gansakukar, wai tana tara sauro. Hamma ya tsallaka cikin ruwan ya tsaya musu a gaba. Shugaban leburorin, wani Barau, ya san labarinsa, ya ce haba Baffa, ai kai ya kamata ka fara sa hannu, ba ita ta kashe maka saniya ba?

Hamma ya nuna ƙarshen kwarin, inda Taibatu ke durƙushe cikin mata tana cika tulu.

"Ita ta kashe ta, da hannuna. In kun kwashe ta, abin da Kyauta ta ci, su za su sha."

Barau ya ce shi dai aiki aka ba shi. Mutum biyu suka riƙe Hamma, sauran suka sa manjagara.