Hoton da Inna Talatu Ta Jira

Badamasi ɗan Farin Dutse ne a ƙasar Gwaram, manomin riɗi tun tasowarsa. Da damina ta yi ta yi masa gardama, sai ya bi 'yan garinsu zuwa Jidda, ya kama wankin mota a bakin titi. Bai daɗe ba ya zame a ruwan sabulu, haƙoransa biyu na gaba suka yi sallama da shi. Wasu kan komo daga Saudiyya da haƙorin Makka, shi kuwa giɓi ya samu.

A can ya koyi ɗaukar hoto da waya. In aiki ya lafa, ga gajiya har ƙashi, sai ya ɗauki abin da idon manomi ya faɗa a kai: dabinon da ake shayarwa da tiyo, burodin da aka zubar ana shanya wa tumaki, wani tsoho Bayamale yana gyangyaɗi a kan buhun albasa. Yakan tura wa ƙanwarsa Bara'atu, ita kuma ta nuna wa mahaifiyarsu, Inna Talatu. Mutanen gidan sun san lungunan Jidda kamar hanyar kasuwar Gwaram, amma fuskar mai ɗaukar ba ta taɓa fitowa ba.

Idon Inna kuwa yanar ido ta fara cinsa. Duk saƙon muryar da ta aiko, maganar ɗaya ce.

"Badamasi, na ga tumakin Larabawa har na ƙoshi. Kai nake so in gani tun idon nan yana tare da ni."

"To Inna, in sha Allahu."

Kunya ce, ba komai ba. Ya rame, furfura ta fito masa ba da lokacinta ba, ga giɓin. Kullum cewa yake bari ya ɗan murmure, bari ya sa haƙori. Mai wankin mota kuwa yaushe zai murmure? Haka shekaru suka yi ta shuɗewa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya gaji da ɓuyan. Ya miƙa wa abokin aikinsa wayar, ya tsaya jikin bango da bakinsa a rufe, aka ɗauka, ya tura.

Sai washegari Bara'atu ta amsa, muryarta a sanyaye.

"Yaya, tun kaka idon ya rufe. Ita ta hana a gaya maka. Hotunan nan da kake turowa, ni nake ba ta labarinsu da baki."

Ya zauna a kan bokitinsa, ya saurari ragowar.

"Na sa mata wayar a hannu. Ta daɗe tana shafa gilashin, sannan ta ce, 'Ya yi ƙiba ko?' Na ce mata ƙwarai kuwa."