Shamuwar da Abu Talal Ya Harba

A ƙauyenmu na kan duwatsun Akkar, namijin da ba shi da bindigar farauta ko sallamarsa ba a cika amsawa da ƙarfi ba. Dirgham kafinta, wanda kowa ke kira Abu Talal, yana da tasa mai baki biyu, gadon mahaifinsa. Shekara arba'in yana saɓa ta duk kaka, lokacin da tsuntsayen ƙasashen sanyi ke ratsawa ta samanmu za su kudu, amma ko gashin tsuntsu ɗaya bai taɓa tsinkewa ba. Ya harbi itacen zaitun, ya harbi tankin ruwan maƙwabci, ya taɓa harbin wandonsa a kan igiyar shanya. Tsuntsu kuwa sai dai ya bi shi da kallo.

Abin yana cin sa ƙwarai. Ba wani babban buri gare shi ba, so yake kafin ya mutu a ce masa maharbi ba tare da an ƙyafta ido ba. Matarsa Badriyya ma ba ta raga masa. In ya ɗauki bindiga sai ta ce, "Abu Talal, ka biya kasuwa ka taho mana da kaza, kada bindigar ta dawo da kunya."

Ana nan sai gwamnati ta ce ba mai sake farauta sai da lasisi, lasisin kuma sai an ci jarrabawar sanin tsuntsaye. Salwa da makwarwa a harba a lokacinsu. Shamuwa, mikiya, shaho da kwasakwasa kuwa, wanda ya taɓa su a ƙwace bindigarsa. Gwanayen ƙauye suka tafi suna taƙama, suka dawo a sanyaye, domin su a faranti suka san tsuntsu. Shahada mahauci, wanda ba ya kuskuren saiti, da aka nuna masa hoton mikiya cewa ya yi, "A fige ta tukuna in gani." Abu Talal kuwa, da ya ƙare rayuwarsa yana kallon tsuntsaye suna tserewa, babu wanda bai gane ba. Har tambaya ya yi ko akwai hotunansu ta baya, don ta nan ya fi saninsu.

Haka ya zama shi kaɗai ke da lasisi a ƙauyen. Mai gari ya ce tsuntsaye ba su taɓa samun gwamnati mai ƙaunarsu irin wannan ba.

Wata safiya ya auna salwa a cikin ciyawa, atishawa ta kama shi, bakin bindiga ya yi sama, bindigar ta tashi. Sai ga farar shamuwa ta faɗo tim a gabansa, fiffikenta na jini. Abu Talal ya yi tsaye baki buɗe. Daɗi ya fara kama shi, sannan tsoro, sannan daɗin ya dawo. Ya san in ya faɗi gaskiya, bindigar mahaifinsa ta tafi ke nan, in ya yi shiru kuma babu mai sani har abada. Ya naɗe shamuwar a kwat ɗinsa, ya bar hanyar bayan gari, ya ratsa ta tsakiyar kasuwa har ofishin jandarma.

"Na zo a kama ni," ya ce wa Saje Rustum. "Na harbi tsuntsun da doka ta hana."

Sajen ɗan ƙauyen da ke kusa da mu ne, ya san labarin wandon. Ya ce, "Baba, zauna ka sha gahawa. Wa kake rufa wa asiri?"

"Wane irin rufin asiri? Ni na harbe ta, da hannuna!"

Aka kira shaidu, rabin kasuwa suka zo ba gayyata. Shahada ya rantse cewa ko ɗaure shamuwar aka yi a bakin bindiga, Abu Talal zai kuskure. Maƙwabci mai tanki ya ce, "Da a kan tankina take zaune sai in yarda." Abu Talal ya juya wajen matarsa, idonsa ya kawo ruwa. Badriyya kuwa ta ɗauka ceton sa ake yi, ta dafa ƙirji ta ce, "Ranka ya daɗe, shekara talatin da takwas ina tare da bawan Allahn nan. Wallahi ba zai iya ba."

"To harsashin da ke fiffiken fa?" Abu Talal ya yi tsawa.

Saje ya ce an yi ɗaurin aure a ƙauyensu da safen nan, an yi ta harbi sama kamar yadda aka saba, kuma abin da ya hau dole ya sami wani a hanya. Ya rubuta haka, ya buga hatimi, ya miƙa masa bindigarsa, har da yi masa godiya don ya ceci tsuntsu. Jama'a suka tafa. Ban taɓa ganin mutumin da aka wanke ya fito a wulaƙance kamar Abu Talal ran nan ba.

Fiffiken bai koma daidai ba, sai shamuwar ta zauna a tsakar gidansa, tana yawo cikin garin katako, tana cin kawunan kifin da Shahada ke aikowa. Duk kaka in 'yan uwanta suka ratsa, takan ɗaga kai tana kaɗa baki har su ɓace, shi kuma ya shige shago ya yi ta aikin da ba na gaggawa ba.

Sau ɗaya ya sauko da bindigar don ya goge ta. Shamuwar tana ganin ta a hannunsa ta ruga bayan tarin katako tana makyarkyata. Abu Talal ya daɗe a tsaye yana kallon ta. Duk ƙauyen ita kaɗai ta yarda maharbi ne. Ya mayar da bindigar kan ƙusa, kuma har ya rasu bai sake taɓa ta ba.