Ranar da Muntaka Ya Goge Bindigar Babansa

Duk wanda ya san layinmu a Madain Fahd ya san Muntaka kafinta, haifaffen Jidda, mai sanyin magana da taurin kan tsiya. A da ƙofofi yake gyarawa. Amma tun da tsofaffin bindigogin soja suka fara tsada a gwanjo, masu tara kayan tarihi suka gano shi, suna kawo masa ƙotar bindiga da ta tsage ya haɗa. Shi ne ma ke ja musu kunne kada su kuskura su goge tsufan, don shi ake saya.

A falonsa akwai bindiga guda a rataye, ta marigayi babansa, wanda ya yi gadin wani sito a Bagdadiyya har maigidan ya bar masa ita kyauta. Ba ta tashi, amma takardunta cif suke. Babu wanda ya damu da ita sai bara, da ƙanwarsa Zakiya ta gani a waya an sayar da irinta riyal dubu arba'in.

"Yaya, halas, shi ke nan, a kai ta gwanjo," in ji ta. "Gadonmu ne mu biyu."

Ta fi shi gaskiya, ya kuma sani, sai ya ce to. Kwana uku ina ganin shayinsa yana hucewa a kofi, har ya ba ni tausayi.

Ranar Alhamis na tuƙa su zuwa wurin Abdulmohsen, dillalin gwanjon. Da aka warware bargon da Muntaka ya naɗo ta a ciki, sai ga bindiga tana sheƙi kamar sabon faranti. An bi ta da samfefa, an kankare tsatsar tas, ƙotar ta sha fenti har hannu biyu.

Abdulmohsen ya dafe kai. "Ya Muntaka, haram alaik. Yanzu ko dubu huɗu ba za ta yi ba."

"Na ce in ɗan kintsa ta ne," in ji gogan naka, ido a ƙasa, wai shi bai san kan abin ba.

Sai da na ciji leɓe kada dariya ta ƙwace mini.

A mota muka kama hanyar gida har muka wuce Aziziyya. Can Zakiya ta ce, "Yaya, da ka ce ba ka so, ai da na haƙura."

"Ke za ki haƙura," in ji shi. "Amma in na bar ta da tsadarta, bayan ranmu yaranmu ba za su haƙura ba."

Ta harare shi, idonta ya ciko. "To, kabad ɗin kicin ɗina gaba ɗaya kai za ka yi. Da katako mai kyau, kyauta."

"Har da ƙofa."

"Yalla, miƙo mini ita nan," ta ce. "Ni ma babana ne."